'Ya'yan Bobboi Huɗu Ne

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Shekara goma sha tara ina riƙe da ɗakin karatun unguwarmu a nan Gashua, daga ni sai gara sai jemagu, ba wanda ya taɓa leƙowa ya tambaye ni ko fanka tana juyawa. Tun da aka kawo kwamfutar nan mai ƙirƙirarriyar basira, har labule aka rataya mana, aka sa sola a rufi. Ashe dama ana iyawa.

Yau Taufiq ya zo daga Nguru. Shi ne jami'in ƙungiyar da ta kawo ta. Ya haura talatin, amma kullum cikin matsattsiyar riga, da igiyar katin shaida a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Mama yake ce mini. Ban haife shi ba, kuma da ni na haife shi da ya iya sallama kafin ya ɗaga labule.

Tun watan Satumba aikin da suka ba ni shi ne naɗar muryoyin dattawa, manoma da masunta da makiyaya, kowa ya faɗi yadda ake rabon fadama a da. Kwamfutar ta rubuta, ta fassara Fulatanci da Barbarci da yaren Bade zuwa Hausa, a ajiye a nan, 'yan sakandare su riƙa zuwa suna saurare. Wai haka ake koyar da zaman lafiya. Ni Masani nake ce mata, tunda an ce ba abin da ba ta sani ba.

Yanzu aikin ya canza. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce shanu sun shiga shinkafa a Tafkin Giyayya, can bayan Dagona, mutane suka fito. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Za a yi zaman sulhu a Nguru ranar huɗu ga Disamba. Kowane ɓangare zai zo nan ya faɗi abin da ya same shi, Masani ta haɗa rahoto, a karanta a wurin zaman.

“Mama, wannan ba ta da ƙabila,” in ji Taufiq, yana shafa bayanta. “Ba ta da ɗan'uwa a ko'ina. Shi ya sa kowa zai yarda da ita.”

Na ce masa haka ne. Bai tambayi wadda za ta riƙa danna mata maɓalli ba.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Yayan su Zahra yana da gonar shinkafa a bakin tafkin nan. Ɗan farina ne, don haka ba na kiran sunansa, ko a takarda. Na yi digiri, na raina camfe-camfe iri-iri, amma a kan wannan bakina ya ƙi.

Ranar Alhamis ɗin da shanu suka shiga shinkafa ya shigo mini gida rigarsa sharkaf, hannun damansa a kumbure. Ni na wanke rigar da kaina. Tun ranar bai koma gona ba, bai koma wajen matarsa ba, yana ɗakin baya. Magidanci guda, ɗan shekara ashirin da takwas, ya bar shinkafa ta nuna tana zuba a ƙasa.

Magana ɗaya yake yi: “Ya faɗa ruwa, amma ya tashi ai, Umma. Na ga ya tashi.”

Ban tambaye shi wa ya faɗa ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya

Manoma sun zo, su tara, a bayan a-kori-kura, ban da Bulama Kyari na Tafkin Giyayya da ke gaba. Tsoho ne siriri, mai jan bakin goro, ya san mijina tun yana raye.

Ya yi mini sannu da Barbarci: “Wushe Malama, wushe da aiki. Ina abin da ake yi wa maganar?”

Na nuna masa. Ya gaishe ta har da cire hula. Kai jama'a.

Kowannensu ya san damin shinkafa nawa shanu suka taka masa, ya san launin saniyar da ta fara shiga. Amma da aka zo kan wa ya riƙe me, su tara duk suna bayan gari. Ɗaya ya je jana'iza, ɗaya ciwon ciki ya kama shi, ɗaya yana gyaran koma. Da alama shinkafar ce ta tashi da kanta ta kori shanun.

Ba wanda ya ambaci Yayansu. Da za su tafi Bulama ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, alhali yana gabansa.

“Yaya mutanen gida, Malama? Duka-duka?”

Na ce duka lafiya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da la'asar

Bai ci abinci ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya

Masani ta yi abin kai yau, Taufiq ya kusa yin rawa a waya. Ta bi tsoffin kundaye da na ɗauki hotunansu shafi-shafi na zuba mata, ta tono wani littafin rubutu na wani malamin gona da ya rasu tun ina budurwa. A ciki ya rubuta cewa duk shekarar da ruwa ya makara, shinkafa ta yi jinkirin nuna, Bulama yakan aika wa Ardo goro a ɗaga ranar sakin gonaki, shanu su sha ruwa a wani tafki na arewa har a gama yanka. Ta haɗa wannan da maganar wasu tsoffi uku da muka naɗa a Satumba, ta ce bana ma ruwan ya makara, kuma ba wanda ya aika goro.

Littafin nan yana kanta ta uku, bayan tsoffin jaridu. Ni na ɗinke bangonsa da zaren buhu. Shekara goma sha tara ina iya miƙa wa duk wanda ya tambaya. Sai da aka kawo akwati mai fitila daga wata ƙasa sannan ya zama ilimi.

Amma gaskiya ban taɓa haɗa shi da ruwan bana ba. Wannan na ba ta.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Bobboi ya zo shi kaɗai. Shi ne babban rugar da ke gefen tafkin, dogo, farin gemu, ya jingina sandarsa a waje kafin ya shigo. Ya taɓa zuwa a Satumba, ranar har dariya ya yi da ya ji muryarsa ta fito daga kwamfuta. Yau bai nemi a kunna masa ba.

Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Na ce, “Baffa, ka faɗi duk asarar da kuka yi, kada ka rage komai.”

Ya yi magana da Fulatanci, a hankali, Masani tana zubo Hausar a allo. An sare musu shanu biyu. Maraƙi ɗaya ya nutse. Ya ce laifinsu ne da ba su tambaya ba kafin su gangaro, ya ce kuma laifin Bulama ne da bai aiko ba. Ya ce yanzu 'ya'yansa maza uku ne ke bin shanu, aiki ya yi musu yawa. Daga nan ya yi shiru, ya daɗe, har na ɗauka ya gama.

“Akwai saura, Baffa?”

Ya dube ni, ya ce da Hausa, “Babu, Malama. Sai abin da Allah ya yi.”

Shanu biyu da maraƙi. Na raka shi har ƙofa ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe tara da rabi na safe

Na kunna Masani, sai ga wani akwati ruwan ɗorawa a saman bayanin Bobboi. Haka take yi in tana da tambaya. Na kwafe shi a nan yadda yake:

“A watan Satumba mai maganar ya ce 'ya'yansa maza huɗu ne ke bin shanu. Jiya ya ce uku. Ya kuma yi shiru na minti ɗaya da rabi bayan haka. A cikin kundayen ɗakin karatun nan an rubuta cewa uba ba ya ambaton ɗan farinsa, ko da rasuwa ya yi. Shin an yi rashi a gidan? Ya kamata a tambayi wani daga gidan wanda al'ada ba ta hana shi faɗa ba.”

Akwati mai fitila zai koya mini kunyar ɗan fari. Ni.

Na share ɗakin karatu kaf, abin da rabona da yi tun damina. Na goge kantoci. Na dawo, akwatin yana nan. A ƙarƙashinsa akwai wurin da ma'aikaci zai ba da amsa. Na rubuta: Babu rashi, tsufa ne, ya yi kuskuren ƙidaya. Ta ce ta gode.

Wataƙila ɗayan ya tafi kudu da wasu shanun. Suna yin haka.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Suna yin haka sosai ma.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

Yayansu bai je Juma'a ba, karo na huɗu ke nan. Na kai masa kunu, ya kurɓa sau biyu ya ajiye.

“Umma, Fulanin sun zo wajenki? Me suka ce?”

“Shanu biyu da maraƙi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Kai, tashi ka yi wanka, ka ishe ni da wari.”

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Daga baya ya cinye tuwo malmala biyu. Na tsaya a tsakar gida ina jin ƙarar cokali, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu

Taufiq ya zo karɓar rahoto, ya zo da wata Madam Nuraini, shugabarsa, mai gilashi a saman goshi maimakon a ido. Ta zagaya ɗakin tana toshe hanci da gefen mayafi, ta ce wurin yana da tarihi. Ta tambaye ni ko har yanzu mutane suna karanta takarda.

Masani ba ta haƙura ba. A ƙasan shafi na shida ta ƙara layi da ƙananan baƙaƙe: “An amsa tambayar rashin rai daga ɗakin karatu, ba daga gidan Bobboi ba. Ba a tabbatar ba.”

Taufiq ya karanta, ya ɗago. “Mama, wannan fa?”

“Surutun inji ne. In ka biye mata sai ta ce a tambayi shanun ma.”

Suka yi dariya. Madam ta ce a cire, kada a kai wa dattawa abin da zai ruɗa su. Ta ce rikici irin wannan a ce ba a rasa rai ko ɗaya ba, ai labari ne mai kyau, masu tallafa musu za su ji daɗi. Taufiq ya goge layin da yatsa ɗaya.

Mutum biyu masu digiri bibbiyu, an aiko su sasanta Fulani da manoma, ba wanda ya taɓa zama a ruga ya sha ruwa. Da tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin titi aka nuna wa layin nan, da ta ajiye matsami ta tambaya. Na raina su har cikin raina, kuma rainin bai hana ni miƙa musu stafula ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da la'asar

Yayansu ya yi aski. Yana maganar komawa gona.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da hantsi

'Yan nono sun shigo gari kamar kullum. Akwai wata doguwa mai tsagen goshi daga rugar Bobboi da take kawo mini kindirmo duk mako. Wata guda ke nan ban gan ta ba. Na buɗe baki zan tambayi 'yan'uwanta, sai na tambayi farashin man shanu.

Alhamis, 4 ga Disamba, Nguru, ƙarfe uku

Ina rubutu a bayan zauren, kan wata kujerar roba mai ƙafa uku da rabi. An rataya ƙyalle mai hoton tattabara da hannaye biyu suna musafaha, hannayen ma farare ne. An raba lemo da fanke a leda. Mutum bakwai suka yi jawabi kafin a zo kan maganar, kowanne ya ce ba zai tsawaita ba.

Manoma a dama, makiyaya a hagu. Da aka karanta batun malamin gona da goron ɗaga rana, zauren ya ɗauki guna-guni mai daɗi. Wani tsohon Bafulatani ya ce ƙwarai, yana yaro ya ga an yi. Aka amince a dawo da shi daga baɗi. Wannan kam ya yi kyau, ba zan hana shi kyansa ba.

Sannan Taufiq ya gyara murya ya karanto: “Alhamdu lillahi, binciken ya nuna ba a rasa rai ko ɗaya ba a kowane ɓangare.”

Dama ta ɗauki tafi. Madam tana tafi da hannu a sama don mai hoto ya gani. A hagu ba wanda ya motsa. Samari uku da ke bayan Bobboi suka miƙe tare, suka fita ba tare da sun dubi kowa ba. Aka miƙa wa Bobboi makirufo.

“Mun ji. Mun gode.”

Ya dangwala yatsa a takarda. Madam ta ce mini, “Kin ga dattako, Hajiya? Mutanen nan ba su da matsala.”

Ranar dai, bayan magariba, Gashua

Mota ɗaya muka shigo da Bulama Kyari. Tun daga Nguru har muka kusa mararrabar Dagona bai ɓare goro ba. Can ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

“Malama, abin naku bai ji komai ba? A bakin Bobboi?”

“Abin da aka faɗa masa shi ya rubuta, Bulama.”

“Mu mun ji ƙishin-ƙishin tun tuni. Muka ce bari takarda ta faɗa, sai mu ɗauki goro mu je gaisuwa, a ce takarda ce ta kai mu. Kowa yana tsoron ya zama shi ya fara sani.” Ya goge baki. “Yanzu an tara su a gaban jama'a an ce ba wanda ya mutu, an yi tafi. Wannan godiyar da Bobboi ya yi, ni ban so ta ba.”

Tsoffin banza. Suna da ƙafa, suna da goro, sun san hanya, suka zauna jiran kwamfuta ta yi musu ta'aziyya.

Na rubuta wannan, na karanta, na ga ba ni da bakin faɗa.

Asabar, 6 ga Disamba, ƙarfe huɗu

Bulama ya bugo. An kwashe mata da yara da maruƙa daga rugar an yi wajen Jakusko da su. Maza ne kawai suka rage, da tsohuwa ɗaya da ta ƙi tafiya. Ya ce kada Yayansu ya kuskura ya zo gona.

Ban ce masa komai a kan Yayansu ba. Ban taɓa ce wa kowa ba.

Lahadi, 7 ga Disamba, da safe

Ya wasa lauje. Na ɓoye shi a bayan randa, na ce maƙwabta sun ara.

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Da azahar wata tsohuwa ta ɗaga labule. Ƙanƙanuwa, ta rankwafa, ƙafafunta fari fat da tafiya. Ta ce ita ce Dada, mahaifiyar Bobboi. Daga bakin titi ta hau mota, daga tasha ta tako. Hausarta irin ta mutanen ruga ce, “kai” take ce mini.

“Ina abin da ya ce ba wanda ya mutu? Shi na zo gani.”

Na nuna mata. Ta ƙura wa allon ido, ta yi tsaki.

“Wannan ne? Ba shi da kunya?”

Da na yi shiru da shi ke nan. Masani ba za ta kare kanta ba. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba, na ji dai ina cewa, “Dada, ita ta tambaya. Sau biyu ta ce a zo gidanku a tambaya. Ni na ce mata babu.”

Ba ta yi mamaki ba. Ta zauna a tabarmar da ɗanta ya zauna, ta ce in kunna.

Ta yi da Fulatanci, ina karantawa a allo. Sunansa Hammadu. Shi ne babban ɗan Bobboi, ita ta goya shi tun daga yaye. An buge shi a ƙeya, ya faɗa ruwa, ya tashi, ya kora shanun har gida da ƙafarsa. Ya kwana biyu yana amai. Ranar Asabar da hantsi ya cika. Ya bar mace da 'ya'ya biyu, matar ita ce mai tsagen goshi, tana takaba. Ta ce uban ba zai faɗa ba ko za a yanka shi, uwar ma haka, amma ita kaka ce, ba abin da ya ɗaure mata baki. Ta maimaita sunan sau uku, ta ce a rubuta da kyau.

Na kashe. Na cire waya daga jikin makirufo.

“Malama, kai ma uwa ne,” ta ce da Hausa. “Ɗanka ne. Tun ranar mun sani, 'yan'uwan sun gan shi da ido.”

Na ce, “To me ya sa ba ku kai ƙara ba?”

“Bobboi ya hana. Ya ce faɗa ne, kowa ya ɗaga sanda, ba a san na wa zai sauka ba. Ya ce a jira, masu hankali ne, za su zo gaisuwa. Ran uku muka shimfiɗa tabarma. Ran bakwai muka shimfiɗa.” Ta gyara ɗaurin zaninta. “Jibi arba'in. Ya riƙe yaran nan uku kwana arba'in. Bayan jibi ba ya iyawa.”

Na ba ta ruwa, ta ƙi sha.

Wato duk kwanakin nan da nake ganin na ɓoye shi, a fili yake. Hanya ɗaya aka bar masa a buɗe, ni na tsaya a kai da tsintsiya ina ce wa kowa babu.

Talata, 9 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

Na buga wa Taufiq. Na ce a sake buga shafi na shida, a kai wa Ardo da Bulama da duk wanda ya yi tafi. Ya fara cewa an riga an tura rahoto sama, Madam ba za ta so ba.

“Taufiq, kwamfutarku ta yi aikinta. Ni na yi ƙarya, kai ka goge. Ka rubuta haka, da sunana, Hadijatu. In ba ka iya ba ni zan rubuta naka.”

Ya ce, “To, Malama.”

Talatar dai, da azahar

Na sami Yayansu yana neman lauje. Na tsaya a bakin ƙofa, ban shiga ba.

“Kai. Ya tashi, gaskiyarka. Ya kai gida. Bayan kwana biyu ya rasu, ran Asabar.”

Ya zauna a ƙasa, a inda yake tsaye.

“Tun yaushe kika sani?”

“Mako uku.”

Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Na ce gobe arba'in, za a yi sadaka a rugar, ni zan je. Na ce akwai motar Kano da sassafe, in ita ya zaɓa ba zan hana shi ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ƙarya ce, zan gani. Amma ina so ya hau ta. Duka biyun gaskiya ne.

Bai ci abinci ba.

Laraba, 10 ga Disamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na fito na tarar da shi a zaure, da farar riga da hula. Ba jaka a hannunsa.

Larabar dai, da la'asar

Bulama Kyari ya jira mu a mararraba da ƙwaryar goro da mutum biyu cikin taran nan. Sauran bakwai yau ma ciwon ciki. Muka bi gefen tafkin a ƙasa. Muka wuce gonarsa, tsuntsaye sun gama da ita, bai juya ya kalla ba.

Rugar ta zama kango, bukkoki a buɗe. Maza kamar goma sha biyar a ƙarƙashin wata giyayya, Bobboi a tsakiya da carbi. Samarin nan uku suna tsaye a baya, kowanne da sanda a kafaɗa. Da suka gane wanda ke bayan Bulama, na ga hannun ɗaya ya sauko. Na durƙusa daga nesa, inda mace take tsayawa, kusa da Dada.

Bulama ya ajiye goro, ya yi gaisuwa, ya ce sun makara kuma ba su da hujja. Aka yi addu'a. Ardo ya ce maganar jini tana nan, za a zauna a kanta, abin da shari'a ta ce shi za a yi. Ba wanda ya musa.

Sannan Yayansu ya cire takalmi tun daga nesa, ya taka har bakin tabarma, ya durƙusa a gaban Bobboi, ya sunkuyar da kai. Ƙeyarsa a buɗe, sanduna uku a kansa. Ya buɗe baki ya ce, “Baffa,” ya ƙara sunkuyawa.

Ɗaya daga cikin samarin ya juya ya shige daji, bai dawo ba har muka taso.

Bobboi ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗago kai ya nemo ni a inda nake.

“Malama, shi ne na farin?”

Na ce, “Shi ne, Baffa.”

Ya gyaɗa kai, ya ja carbi ɗaya.

“Allah ya raya maki shi.”

Duk wurin aka ce amin. Ni na kasa.